Yayana Ne Ya Riƙa Amsawa

A gidanmu mutum ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Ko haƙori za a cire maka sai an haɗa ka da wani, kuma wanin nan ba rakiya kawai zai yi ba, shi zai yi wa likita bayani, kai kuwa ka zauna gefe ka yi fuskar marasa lafiya. Haka na taso na gani. Ban taɓa ganin aibun abin ba sai da ya kusa cin raina.

Ni ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar da ke nan Wudil. Ba na koyarwa, kodayake ɗalibai suna ce mini Malam idan suna neman wani abu a wurina. Aikina in jera kwalabe da safe, in haɗa ruwan sinadarai, in tsaya a kansu kada wani ya ƙona kansa ko ya ƙona mu, in sun tashi in wanke in kife. Akwai wani gwaji da 'yan aji ɗaya suke yi kowace shekara, a riƙa ɗiga wani ruwa cikin wani a hankali har ya juye ya koma ruwan hoda. Duk shekara sai sun yi ihu kamar su suka ƙirƙiro shi. Da can ina jin daɗin ihun nan. Wata rana ina tuttular da ruwan hodar a magudana sai tambaya ta faɗo mini: to, duk don me? Na yi 'yar dariya na ci gaba da wankina. Tambayar kuwa ta biyo ni gida.

Da baƙin ciki ne da na san sunansa. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya ɓata mini, a wurin aiki ma ba a takura mini ba. Komai ne kawai ya salance. Maiɗakina ta yi miyar kuka da man shanu, in ci kamar ina tauna takarda. 'Ya'yana mata biyu su rugo da gudu in na dawo, in ɗaga ƙaramar sama, ban jin komai sai nauyinta. Salla ban taɓa fasawa ba, amma sai in sallame ban san me na karanta ba. Wannan ya fi komai razana ni, domin tun ina yaro na san cewa ɗebe tsammani daga rahamar Allah ba ƙaramin abu ba ne, ga shi kuma na laluba cikina ban sami tsammanin komai ba. Wa zan gaya wa? In ce me? Sai na ja bakina na yi shiru.

Gidan da muke haya yana ƙetaren kogi, ɓangaren da ake shigowa daga Kano, saboda haka sau biyu nake hawa gada a babur kowace rana. Shekaru ina yi ban ma san ina yi ba. A daminar da nake ba da labarinta na fara lura da ruwan. Ya ciko, ya yi ja, yana tafiya abinsa ba ya tambayar kowa. Na fara rage gudu in na zo tsakiya. Ban ce wa kaina komai ba, hannuna ne kawai yake sassautawa.

Maiɗakina ce ta kai ƙarata wurin Yaya. Ta ce na rame, na daina magana, in ta yi mini tambaya sai ta maimaita sau uku. Yaya ya girme ni da shekara goma sha uku. Mahaifinmu ya rasu ina firamare, shi ya bar karatu ya riƙe gonarmu ta Dagumawa, ya riƙe ni. Har yau da furfura a gemuna ba na haɗa ido da shi, in zan gaishe shi sai na durƙusa. Ban taɓa ce masa a'a ba, ban ma san yadda kalmar take fita a gabansa ba. Yana sona, wannan ko maƙiyi ya shaida, amma son nasa irin mai tsawa ne.

Ya zo da rubutu a jarka, da zuma, da habbatussauda. Na sha duka. Da ya ga ba canji ya ce taifot ne, ya sa ni a bayan babur ɗinsa sai asibiti. Aka ɗebi jini aka duba, babu taifot, babu zazzaɓin cizon sauro. Likitan ya daɗe yana kallona, sannan ya ce akwai wata masaniyar halayyar ɗan Adam da take zuwa daga Kano duk Talata, yana so in gan ta.

Yaya ya ce, “Ta mahaukata?”

Likitan ya ce, “A'a, Alhaji. Ta masu damuwa ce.”

“To ai damuwa kowa yana da ita,” in ji Yaya. Amma ran Talata tun da hantsi yana ƙofar gidana.

Dattijuwa ce, da tabarau da farin mayafi, ba ta da hayaniya. Ta ce ita ba ta rubuta magani, magana ce aikinta, amma duk da haka Likita muka riƙa ce mata. Kujera biyu ce a gaban teburinta. Yaya ya ja ta kusa ya zauna, ni na zauna a ta baya, na sa hannuwana tsakanin gwiwoyi. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, aka tambayi hanya. Sai ta leƙo ta gefen kafaɗar Yaya ta ce, “Malam, me yake damunka?”

Yaya ya ce, “Rashin kuzari ne, Likita. Da ma tun yana yaro haka yake, ba shi da jiki.”

“Kana samun barci?”

“Ai barcin ne ya yi masa yawa.”

Rabona da barcin kirki an fi wata biyu. Amma Yaya ya riga ya faɗa, in na gyara masa na ƙaryata shi a gaban baƙuwa. Na dubi siminti. Ta tambayi cin abinci, ya amsa. Ta tambayi aiki, ya amsa, har da ƙarin cewa ni ne na farko a zuriyarmu da ya shiga jami'a, ko da wanke kwalabe ne. Duk tambayar da ta jefo mini sai ya cafe ta a sama. Shi a wurinsa taimakona yake yi, yana ɗauke mini wahalar magana, kamar yadda ya ɗauke mini wahalar noma.

Can ta cire tabarau ta ce, “Malam, zan yi maka wata tambaya, kowa nake yi wa. Akwai lokacin da kake jin da ma ba ka raye?”

Ban taɓa zaton ana iya faɗin wannan magana da baki ba, da rana tsaka, fanka tana juyawa. Na ji amsar ta taso mini har maƙogwaro.

“Subhanallahi!” in ji Yaya. “Haba Likita! Musulmi ne fa, ɗan Musulmi. Limanci ma yake yi musu a unguwarsu in liman ba ya nan. Kai, ba haka ba ne?”

Na gyaɗa kai. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta mayar da tabaraunta ta rubuta wani abu. Na fito daga ɗakin nan na fi yadda na shiga tsoro, domin yanzu na san akwai tambayar, na san amsarta, kuma na yi ƙarya da kaina ba tare da na buɗe baki ba.

Talata ta biyu ma haka aka yi. Tun a farko ta ce tana so ta gan ni ni kaɗai na ɗan lokaci, Yaya ya yi dariya ya ce ai ni da shi abu ɗaya ne, ta yi tambayarta kawai. Ta juyo gare ni ta ce, “Malam, kai me ka fi so?” Ban ga laifinta ba, amma da ta san abin da ta ɗora mini da ba ta tambaya ba. In ce wa Yaya ya fita? Na ce, “Duk yadda Yaya ya ce.” Ya gyara zama.

Ran Juma'ar makon nan abin ya faru. Ranar kasuwa ce, gada ta cika da motocin shanu da masu babur ɗauke da awaki, ana ta hon. Na tashi daga aiki da wuri zan je gida in yi wanka in tafi masallaci. Na tuna na hau gadar. Abin da na sake sani shi ne ina tsaye a gefe, babur ɗina a jingine, hannuwana biyu a kan ƙarfen gadar, ina kallon ƙasa. Ban san lokacin da na tsaya ba, ban san minti nawa na yi ba. Kiran salla ne ya dawo da ni. Na kasa tayar da babur, sai tura shi na yi har ƙarshen gadar, mutane suna ta yi mini sannu suna zaton mai ne ya ƙare.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ɓarawo kana iya kulle masa ƙofa. Ni kuwa wanda nake tsoro da shi nake kwana, da shi nake tashi, shi yake riƙe da kan babur. Na jingine babur ɗin a zaure na ce wa maiɗakina ya lalace. Na koma shiga motar haya, kuma ba na shiga sai na ga mutum ya riga ni, in bi shi, wani ya biyo ni, in zama ina tsakiya. In mota ta zo da gurbi a bakin ƙofa sai in ce su je, ina jiran wani. In mun hau gada in runtse ido in yi ta salati har sai na ji ƙarar taya ta canza.

Talata ta uku, muna shiga, kafin Yaya ya kai ga kujerarsa, Likita ta miƙe tsaye. Ta gaishe shi da kyau, ta tambayi gona, sannan ta ce, “Alhaji, ka yi abin da ba kowane ɗan'uwa yake yi ba, mako uku kana baro aikinka kana kawo shi. Amma aikin nan namu yana da ƙa'ida. Akwai zaman da ake yi da 'yan'uwa, mun yi biyu. Akwai wanda ake yi da mai ciwon shi kaɗai, yau shi za mu yi. Ba shi ya nema ba, ni na ce. Ga benci nan a waje.”

Yaya ya tsaya kamar an watsa masa ruwa. Ya ce, “Me zai gaya miki wanda ban sani ba? Ni na yi masa wanka, ni na kai shi makaranta, ni na yi masa aure.”

Ta ce, “Wataƙila babu. In babu, ka ga ba a yi asarar komai ba.”

Ya dube ni. Na dubi ƙasa. Na san jira yake in ce a bar shi ya zauna, kuma wallahi saura kaɗan in faɗa. Ban faɗa ba, amma ba don jarumta ba ne. Ya ja tsaki ya fita. Ta bar ƙofar a ɗan buɗe saboda mutunci, ta yadda daga inda nake ina hango ƙafafunsa a ƙasan benci, da takalminsa na roba da laka a jiki.

Ta nuna mini kujerar gaba. Na koma, tana da ɗumin rana. Ta zauna tana jirana. Ban taɓa sanin shiru yana da tsawo haka ba, a wurinmu in shiru ya yi yawa wani yakan yi gyaran murya ya kawo zancen ruwan sama. Ita ko a jikinta. Ina tunanin in na faɗa za a ɗaure ni, za a kai takarda wurin aiki, za a riƙa nuna 'ya'yana a ce ga 'ya'yan wanda ya taɓu. Ina kuma tunanin in ban faɗa ba, gobe akwai gada, jibi ma akwai.

Na yi ƙasa da murya yadda ba za ta kai benci ba, na ce, “Tambayar da kika yi rannan. Ƙarya na yi.”

Ta ce, “Na ji. Gaya mini.”

Na gaya mata. Ruwan hoda, da abinci, da salla, da ran Juma'a. Ina jiran ta yi salati ko ta ja kujerarta baya. Ba ta yi ba. Ta riƙa tambayata dalla-dalla kamar mai tambayar hanya: tun yaushe, sau nawa, na taɓa shirya wani abu, me nake yi in tunanin ya zo. Da na ba ta labarin motar haya, ina jin kunya, sai ta ajiye biro.

Ta ce, “Malam, mutumin da yake barin mota ta wuce don ya sami tsakiya ba mutuwa yake nema ba. Ciwo ne yake ja, kai kuma kana ja. Ka daɗe kana ja kai kaɗai.”

Na ce, “Ba rashin imani ba ne?”

Ta ce, “Ni ba malama ba ce, ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Abin da na sani, ciwon nan yana da suna, yana kama masu salla da marasa yi, kuma ana warkewa.”

Nan na fashe da kuka, da gemuna da komai, ina toshe baki da hula kada a ji a waje.

Watanni na yi ina zuwa wurinta bayan wannan, likitan farko kuma ya ɗora ni a kan magani. Ta koya mini in riƙa kama tunani in tambaye shi hujjarsa kafin in yarda da shi, ta sa ni in riƙa rubuta abu guda da na yi a yini, ko da gyaran fitila ne. Na yi mata gardama ba sau ɗaya ba, na ce wannan aikin 'yan firamare ne, ta ce to in yi shi kamar ɗan firamare. Tambayar nan ta don me har yau takan leƙo, sai dai yanzu na san ba dole ne in amsa ta a ranar da ta zo ba. Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, da na share fuska na ɗauka an gama, sai ta kawo abin da ya fi na farko wuya.

Ta ce, “Ba zan bar ka ka fita daga nan ba sai wani naka ya sani. Ba duniya ba, mutum ɗaya. Wa za ka gaya wa?”

Na ce maiɗakina, in na koma gida.

Ta ce, “Gidan yana wane ɓangaren kogi?”

Tsakanin asibitin da gidana akwai gadar. Muka dubi ƙofa tare.

Na ce mata ba ta san Yaya ba. Mutumin da ya bar makaranta saboda ni, ya yi shekara talatin yana duƙe a gona don in zauna a inuwa, in dube shi in ce rayuwar da ya saya mini da ƙarfinsa ba na son ta? Zai ce na yi butulci, kuma yana da gaskiya. Ko ya yi mini tsawa a gabanta, ko ya tashi ya tafi, kuma in ya tafi ban san wanda ya rage mini ba.

Ta ce, “In kana so ni zan faɗa masa, kana zaune.”

Da sauƙi ke nan. Har na buɗe baki zan ce to. Sai na ga yadda abin zai kasance: ita tana magana, shi yana amsawa, ni ina kallon siminti, ana ta zancena a kaina kamar kullum. Na ce, “A'a. Ni zan faɗa.”

Ta leƙa ta kira shi. Ya shigo fuska a ɗaure, ya tarar da ni a kujerar gaba. Na yunƙura zan tashi in ba shi, Likita ta ɗaga mini hannu. Ya tsaya jim, sannan ya zauna a ta baya. Dole na juya kujerata na fuskance shi.

Na ce, “Yaya, ina so in yi magana, ina roƙon kada ka amsa sai na gama.”

Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba. Ya buɗe baki, ya rufe.

Ban iya na faɗa da kyau ba. Na fara daga tsakiya, na koma farko. Na ce masa ba na barci. Na ce babur ɗina lafiyarsa ƙalau. Na ce ran Juma'a na tsinci kaina a tsaye a kan gada, hannuna a kan ƙarfe, ban san yadda aka yi ba, kuma ina tsoron wata rana kiran salla ba zai zo a kan lokaci ba. Ina magana ina kallon takalminsa. Da na gama na jira tsawar.

Ba ta zo ba. Na ɗaga kai, karo na farko a iya tunanina na dubi Yaya cikin ido. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana murza bakinta.

Can ya ce, “Tun yaushe?”

Na ce, “An kusa shekara biyu.”

“Shekara biyu,” ya maimaita. “Kullum ina tambayarka lafiya, kana cewa lafiya.”

Na ce, “Haka ne, Yaya.”

Ya juya wajen Likita kamar zai yi mata bayani, yadda ya saba, sai ya fasa. Ya sa bayan hannu ya goge ido, ya mayar da hularsa a karkace. Lokacin noman farko ne, ciyawa tana cin gero, kuma duk Dagumawa an san ko ɗaurin aure ba ya raba Yaya da gona da safe.

Ya ce, “Gobe ƙarfe nawa kake fita aiki?”

Na ce, “Bakwai da rabi.”

Ya ce, “To kada ka fito sai ka ji hon ɗina.”